Bulalar Yarda da Bulalar Hukuma: Daga Dandalin Shuɗin Nilu zuwa Allon Talabijin

Ƙauyukan Hausawa da Fulani da ke jere a gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da Larabawan Sudan ke kira Nilul Azraƙ, da waɗanda ke warwatse a cikin gonakin Jazira, sun kafu ne a tsakanin al'adu biyu masu kama da juna, waɗanda a cikin kowace ɗaya saurayi yakan tuɓe riga a bainar jama'a ya miƙa jikinsa ga bulala da yardar kansa. Ta farko ita ce shaɗi ko sharo, wanda kakanninsu suka sani wajen Fulanin daji a ƙasar Hausa, ta biyu kuwa ita ce buɗan, wanda suka tarar a bukukuwan auren maƙwabtansu Larabawa. Tarihin waɗannan al'adu, da abin da ya same su bayan kyamara ta shigo dandali, yana ba da haske a kan wata tambaya da ake ta muhawara a kanta a Turai da Amurka, wato ko yawan nuna dukan da aka yi da yarda a talabijin yana sa jama'a su karɓe shi, ko kuwa yana sa ido ya saba da shi ne kawai.

Tun zamanin daular Funj, wadda ta yi mulki daga birnin Sinnar tsakanin 1504 da 1821, mahajjata daga yammacin Afirka suke ratsa Darfur da Kurdufan a ƙasa suna neman gaɓar Bahar Maliya, wasunsu kuma guzuri kan ƙare musu a hanya su zauna su yi noma. Amma babbar ƙaura ta zo ne bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a mai yawa da niyyar hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ci gaba da ragowar jama'ar, har suka kai Shuɗin Nilu wajen 1906, suka sauka a yankin Shaihu Ɗalha kudu da Sinnar, sannan suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, sai buƙatar 'yan ƙwadago ta jawo ƙarin dubban Hausawa da Barebari da Fulani, waɗanda Larabawa suka haɗa su duka a ƙarƙashin sunan Fallata ko Takari. Kaɗan daga cikinsu ne suka sami hawasha, wato gonar haya da hukumar aikin ke ba manomi da sunansa, mafi yawa kuwa sun zauna a kambo, ƙananan matsugunan lebura a bakin magudanan ruwa, suna cirar auduga da noman raba-daidai. Masana irin su Mark Duffield, wanda littafinsa a kan Mai Wurno ya fito a 1981, da Bawa Yamba, wanda ya yi nazarin Hausawan yankin Wad Madani, da Al-Amin Abu-Manga, wanda ya bi diddigin Hausa da Fulatanci a Sudan, sun nuna al'umma ce da ta daɗe tana ɗaukar kanta a matsayin matafiya a kan hanyar Makka ko da an haifi kakanni a wurin.

Shaɗi, wanda Fulani ke kira soro, kuma aka fi danganta shi da Jahunawa, gwajin jarumtaka ne da samarin makiyaya ke yi a ranar kasuwa, ko lokacin salla, ko bayan kaka sa'ad da shanu suka sauko cin karmami. Jama'a kan yi da'ira, makaɗa suna kiɗa, saurayi ya shigo tsirara daga ƙugu zuwa sama, ya ɗaga hannuwa ko ya riƙe madubi yana kallon fuskarsa, yana kirari kamar ba abin da ke shirin faruwa. Abokin karawarsa, wanda dole ya kasance tsaransa, yakan kewaye shi da tsumagiya, ya ɗaga kamar zai sauke ya fasa, ya sake ɗagawa, har sai ya ga hankalin wancan ya ɗauke sannan ya zuba masa a haƙarƙari. Madubin nan yana da aiki, domin da shi ne saurayi ke tsare fuskarsa daga yamutsewa, kuma da shi yake nuna wa 'yan mata cewa kwalliyarsa ta fi damunsa a kan tsumagiyar da ke bayansa. Wanda ya motsa, ko ya runtse ido, ko hawaye ya zubo masa, ya jawo wa danginsa abin kunya, wanda kuwa ya daure yakan riƙe tabon har tsufa yana nunawa. Abu biyu ne suka hana wannan wasa zama kisan kai, ko da yake wani lokaci rai kan salwanta: dattawa da ke tsaye suna lura da inda duka ke sauka da yawansa, da kuma ƙa'idar ramuwa, wadda ta wajabta wa mai duka yau ya tsaya a doke shi gobe. A bayan wannan duka akwai pulaaku, wato tarbiyyar Fulani, wadda ke ɗora haƙuri da kunya a kan komai.

Ba kowa ne ya taɓa yarda da shaɗi ba, ko a ƙasar da aka san shi. Malaman jihadi, tun daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sun yi rubutu mai yawa a kan bidi'o'i da tarukan da ke cakuɗa maza da mata da kiɗa, kuma malaman da suka biyo bayansu sun sa shaɗi a wannan sahu, suka ƙara da cewa mutum ba shi da ikon cutar da jikin da aka ba shi amana, ga kuma layu da magungunan tauri da samari ke nema kafin su shiga fili. Hukumomin En'e a zamanin Turawa sun sha hana shi a garuruwa da dama saboda raunuka da faɗace-faɗacen da kan biyo baya. Jama'ar da ta bi Mai Wurno daga wannan gida na malanta ta fito, mutanen allo ne da hijira, saboda haka shaɗi a wurinsu abin daji ne da aka sani amma ba a alfahari da shi, kamar yadda dambe da wasan tauri suke a idon malamin birni.

Buɗan ya fi ƙarfi a wajen Ja'aliyyin na yankin Shandi da Matamma a arewacin Khartum, amma an san shi a wasu ƙabilun Larabawa na tsakiyar Sudan. Wurinsa bikin aure ne, musamman lokacin sira, wato jerin gwanon rakiyar ango, sa'ad da mata ke buga dalluka, ganga mai baki ɗaya, suna waƙoƙin zuga da ake kira hamasa. Saurayi daga abokan ango yakan cire riga ya ɗaure ta a ƙugu, ya kafa ƙafafunsa, wani lokaci ya dogara da sanda, ango kuma ya ɗauko bulalar da suke kira sauɗul anaj, wadda ake yi da fatar dorina, ya tsula masa a gadon baya da kafaɗa. Sharaɗin shi ne tsayuwa ba tare da ko ƙifta ido ba, ladan kuwa guɗar mata, da shabbal, wato yarinya mai rawa ta kaɗa masa kitsonta a kafaɗa, da laƙabin ɗan'uwan 'yan mata, wanda ke nufin namijin da mata za su fake a bayansa ranar tsoro. Bambancinsa da shaɗi shi ne ba gasa ce tsakanin abokan hamayya ba, kara ce da ake yi wa ango, kuma bashi ne, domin ranar da wanda aka doka zai yi nasa aure angon yau zai tuɓe ya biya.

Wannan bashi ne ya bayyana dalilin da ya sa al'adar ba ta yaɗuwa ta hanyar kallo kawai. Bahaushen kambo yana iya ganin buɗan a bikin mai hawashar da yake yi wa aiki, ya ji guɗa, ya ga jini, amma ba ya cikin lissafin dangi da tsara da ya ba dukan ma'ana, kuma al'ummar da dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 suka bar da yawa daga cikinta a matsayin baƙi ba ta da dalilin tuɓe riga a gaban mutanen da ba za su ba ta 'ya ba. Shekaru da dama na zama kafaɗa da kafaɗa sun sa Hausawan Sudan sun ɗauki Larabci da jallabiya da tobe da nau'o'in abinci, su ma sun ba Sudan agashe, gasasshen naman da ake sayarwa a kowane babban gari, amma buɗan bai zama alamar bikin Bahaushe ba. Ganin abu da ido, ko da a kusa ne kuma shekara da shekaru, bai isa ya mai da shi na mutum ba.

A shaɗi da buɗan duka, 'yan kallo su ne doka. Su ne suka san iyayen mai duka da na wanda ake duka, su ne za su tuna wanda ya wuce iyaka, su ne kuma za su tabbatar an yi ramuwa, saboda haka yardar saurayi ba maganar baki ce tsakanin mutum biyu ba, abu ne da gari ya shaida. Gaskiya ne cewa yardar da aka bayar a gaban 'yan mata masu guɗa tana da tilas a cikinta, domin saurayin da ya ƙi tuɓewa ya san abin da za a faɗa a kansa, kuma masu sukar al'adar a Sudan sun daɗe suna kafa hujja da wannan. Duk da haka jama'a ba su taɓa rikita wannan bulala da ɗaya bulalar ba, wadda tarihinta a Sudan da Nijeriya ya fi tsawo kuma ya fi ɗaci.

Bulalar hukuma a Sudan ta yi suna tun zamanin Turkiyya, daga 1821 zuwa 1885, lokacin da masu karɓar haraji ke yawo da kurbaj, ta ci gaba a zamanin Mahadi, wanda ya sa hukuncin bulala har a kan shan taba, Turawan Ingila kuma ba su ajiye ta ba. A arewacin Nijeriya kotunan alƙalai sun riƙe bulalar haddi, kuma yadda ake zartar da ita abin lura ne: mai dukan yakan matse wani abu a hammata, a da 'yan wuri ne, don kada ya iya ɗaga hannu sama, domin manufar ita ce kunyatarwa a gaban jama'a fiye da raunata jiki. Akwai ma igiyar da ta ɗaure ƙasashen biyu a nan, domin kwamitin masana shari'a da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1958 yana ƙarƙashin shugabancin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, kuma kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960 an tsara shi ne a kan na Sudan. A cikin wannan kundi ne sashe na 55 ya bar wa miji damar ladabtar da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, tare da uba da malami. A Sudan kuwa dokokin Satumba na 1983 a zamanin Ja'afar Numairi, sannan dokar laifuffuka ta 1991 da dokokin kiyaye tarbiyyar jama'a a zamanin Umar al-Bashir, sun mai da bulala hukuncin yau da kullum, wanda ya fi sauka a kan talakawa, masu sayar da shayi a bakin titi da mutanen gefen gari. Tsakanin dandali da kotu kuma akwai dorinar malamin allo, a tsangayar Kano ko a khalwar Jazira, wadda iyaye suka daɗe suna ɗauka wani ɓangare ne na karatu.

Talabijin ta iso arewacin Nijeriya da Sudan kusan lokaci guda, a Kaduna a 1962, a Omdurman kuma a ƙarshen 1962 zuwa 1963 da taimakon Jamus ta Yamma. A farkon shekarun 1970 aka buɗe tasha a Wad Madani domin manoman Jazira, kuma da yake akwatin talabijin ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, sai kallo ya zama na taro, a kulob ɗin ƙauye ko a dandalin da ake biyan ɗan kuɗi a zauna. Abin da tashoshin gwamnati suka yi wa al'adun bulala iri ɗaya ne a nan da can: sun sa su a ajin kayan gargajiya, abin da Larabawa ke kira turas. A Sudan waƙoƙin hamasa da na sira sun shiga ɗakin watsa shirye-shirye da kayan kiɗan zamani, mawaƙa sanye da tufafi masu tsabta suna rera yabon namijin da ba ya motsi a ƙarƙashin bulala ga masu kallon da ke zaune a falo, shirin Agani wa Agani na tashar Nilul Azraƙ, wanda marigayi As-Sir Gaddur ya shahara da gabatarwa a watan azumi, yana cikin waɗanda suka raya irin waɗannan tsofaffin waƙoƙi. A Nijeriya shaɗi ya zama ɗaya daga cikin wasannin da ake nunawa a bukukuwan al'adu da shirye-shiryen gargajiya, a jere da dambe da kokawa da hawan daba. Sakamakon ya zo da fuska biyu, domin al'adar ta sami mutuncin zama gadon ƙasa, amma mutanen birni da suka yi ta kallonta ba su ɗauke ta sun kai bukukuwansu ba, asali ma a daidai shekarun da ta fi fitowa a allo ne take ja da baya a manyan garuruwa, ta koma ƙauye da ruga.

Kyamarar baƙo ta yi wani aikin dabam. Littattafan hotunan da Bajamushiya Leni Riefenstahl ta fitar a shekarun 1970 a kan mutanen Nuba, da kokawarsu da faɗan ƙarfen hannu na mutanen Kau, sun jawo 'yan yawon buɗe ido masu biyan kuɗi a tuɓe a yi musu wasa, abin da ya ƙara wa hukumomin Khartum ƙaimi wajen matsa wa mutanen su bar al'adun. A kudancin Habasha kuwa bikin tsallake shanu na ƙabilar Hamar, inda 'yan'uwan saurayi mata ke neman a tsula musu tsumagiya don nuna ƙauna da ɗora masa bashin kulawa, ya shiga gidajen Ingila ta shirin Tribe na BBC a 2006, kuma a yau yana cikin abubuwan da kamfanonin yawon buɗe ido ke tallatawa. A duka wuraren biyu kallo ya ƙaru, amma mai kallo ya tashi daga shaida ya koma mai saye.

A ƙasashen Yamma muhawarar ta ta'allaƙa ne a kan abin da ake taƙaitawa da haruffan BDSM, wato mu'amalar sha'awa tsakanin manya da suka amince, wadda ta ƙunshi ɗauri, da horo, da mallaka da miƙa wuya, da jin daɗin sa zafi ko karɓarsa. Likitan ƙwaƙwalwa Richard von Krafft-Ebing, wanda littafinsa ya fara fitowa a 1886, shi ya yaɗa sunayen da aka san waɗannan ɗabi'u da su a likitance, ya kuma lissafa su cikin cututtuka, haka aka ci gaba da kallonsu kusan ƙarni guda. Masu yin abin sun gina nasu ƙa'idoji, waɗanda suka haɗa da tattaunawa tun kafin a fara a kan abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba, da wata kalma da aka ajiye wadda da zarar an furta ta dole a tsaya, da kulawa bayan an gama. Talabijin ta daɗe ba ta nuna su sai a shirye-shiryen 'yan sanda, inda ɗakin bulala ke zama wurin da aka tsinci gawa. Shirin CSI na Amurka ya ɗan sauya wannan a 2001 da ya kawo wata mace mai wannan sana'a a matsayin mai hankali da ilimi, shirin Billions da ya fara a 2016 ya ɗora ɗabi'ar a kan babban lauyan gwamnati da matarsa, sannan Netflix ta fitar da Bonding a 2019, wanda masu sana'ar suka soki kashinsa na farko da cewa ya yi wasa da ƙa'idar yarda, har aka ɗauki mai ba da shawara daga cikinsu kafin kashi na biyu. Sama da duka akwai littafin Fifty Shades of Grey na E. L. James, wanda ya fito a 2011, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 100 na jerin littattafan, fim ɗinsa na 2015 kuma ya tara fiye da dala miliyan 500.

Idan aka auna karɓuwa da abin da hukumomi suka yi, sai a ga ba ta bi sawun allo ba. Danmak ta cire wannan ɗabi'a daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa tun 1995, kafin waɗannan shirye-shirye duka, Suwidin ta bi a 2009, Norwe a 2010, kuma hakan ya biyo bayan matsin lambar ƙungiyoyi da binciken likitoci ne. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya raba tsakanin sha'awa da ba a saba da ita ba da cutar da ke jawo damuwa ko cutar da wani, kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da aka amince da shi a 2019 shi ma ya fitar da abin da aka yi da yarda daga sahun cututtuka. Shari'a kuwa ta nufi wata hanya. A Ingila kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawa, ta yanke a shari'ar Brown ta 1993, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, cewa yarda ba ta wanke wanda ya raunata wani domin sha'awa, kuma a 2021, bayan shekaru goma na littattafai da fina-finan da aka ambata, majalisar dokoki ta rubuta wannan ƙa'ida a cikin dokar cin zarafi a cikin gida, saboda yawan mazan da suka kashe mata suka ce wasa ne da aka yi da yarda. A Nijeriya fim ɗin na 2015 bai daɗe a gidajen sinima ba hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta sa aka janye shi, Kenya ma ta hana shi. Abin da allo ya samar shi ne sabo, wato sunan abin ya shiga bakin mutane, kayan wasansa suka shiga kantuna, aka daina zaro ido idan an ambace shi, amma sabo da karɓuwa ba abu ɗaya ba ne.

Ba daidai ba ne a haɗa shaɗi ko buɗan da BDSM a ma'ana, domin waɗannan gwajin mazantaka ne a fili, wancan kuwa sha'awa ce a ɓoye, kuma Bafulatani ko Ba-ja'ali zai ɗauki kwatancen a matsayin zagi. Inda suka haɗu shi ne a abin da kyamara ke yi musu. Saukar bulala tana ɗaukar daƙiƙa ɗaya kuma tana cika allo, amma yarjejeniyar da ta halatta ta, ko dattijon da ke ƙirga duka, ko bashin da za a biya bayan shekara uku, ko doguwar tattaunawar da aka yi kafin a rufe ƙofa, ba su da hoto mai jan ido, saboda haka su ake fara yankewa. Mai kallo yakan tashi da siffar dukan ba tare da dokarsa ba, shi ya sa ƙorafin masu BDSM a kan fina-finan Amurka ya yi kama da ƙorafin dattawan ruga a kan samarin da ke shirya shaɗi domin a ɗauke su a waya.

Inda hoto ya girgiza jama'a da gaske shi ne inda ya kama bulalar da babu yarda a cikinta. A 2009 'yar jarida Lubna Ahmad Husaini, wadda aka kama a Khartum saboda sa wando a ƙarƙashin sashe na 152 na dokar 1991, mai hukuncin bulala har 40, ta gayyaci 'yan jarida zuwa shari'arta, kotu ta ɓuge da cin ta tara. A watan Disamba na 2010 wani bidiyo ya bazu a intanet yana nuna 'yan sanda suna tsula wa wata mata bulala tana rarrafe tana kuka, wasu suna dariya, tashoshin tauraron ɗan adam suka ɗauka, mata suka fito zanga-zanga aka kama da dama. Wannan hukunci ana zartar da shi kullum shekara da shekaru, amma sai da aka gan shi a allo ya zama abin kunya ga ƙasa, kuma yana cikin abubuwan da matan juyin juya halin 2019 suka riƙe, har aka soke dokar kiyaye tarbiyyar jama'a a watan Nuwamba na wannan shekara, gyare-gyaren Yulin 2020 kuma suka cire bulala daga laifuffuka da dama. A watan Oktoba na 2020 sashen Larabci na BBC ya nuna binciken da aka ɗauka a ɓoye a khalwoyin Sudan, inda aka ga yara da mari a ƙafa da bayansu a farfashe, shekara guda bayan 'yan sandan Kaduna sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, abin da ya jawo rufe irin waɗannan gidaje a jihohi da dama. A nan yanke mahallin da kyamara ke yi ya zama alheri, domin mahallin da ta yanke shi ne uzurin da aka saba bayarwa.

Fina-finan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990 kuma suke isa ga Hausawan Sudan ta kaset da faifai sannan ta waya, suna aiki a ƙarƙashin hukumar tace fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001, wadda ta fi sa ido a kan taɓa jiki da rawa da sutura. Sakamakon shi ne rungumar miji da mata ba ta fitowa a allo, amma marin da miji ke yi wa mata yana fitowa, wani lokaci a matsayin zalunci, wani lokaci kuma a matsayin maganin mace mai baki, kuma wannan ya fi kusa da rayuwar masu kallo a kan duk abin da Netflix ke nunawa. Shirye-shirye masu dogon zango irin na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, sun fi ba irin wannan matsala lokaci, domin labari mai makonni yana iya nuna abin da ya biyo bayan duka, da zuwa gaban iyaye ko alƙali.

A ƙauyukan Shuɗin Nilu da Jazira dai tambayar ta riga ta bar hannun talabijin. Rikicin Yuli da Oktoba na 2022 a yankin Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi ya kashe ɗaruruwan mutane ya raba dubban Hausawa da gidajensu, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya sa ginin rediyo da talabijin na Omdurman ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati har zuwa Maris na 2024, Wad Madani kuma ta kasance a hannunsu daga Disamba na 2023 zuwa Janairu na 2025, bayan haka aka kai wa mazauna kambo hare-hare bisa zargin goyon bayan RSF. Abin da ya rage wa mutane na kallo shi ne wayar salula, inda babu edita kuma babu hukumar tacewa, inda gajeren bidiyon buɗan daga wani biki a Shandi, da na shaɗi daga wata kasuwa a Jigawa, da na mayaƙa suna tsula wa fararen hula bulala a bakin shingen bincike suke biyo juna a shafi ɗaya na Facebook ko TikTok, kowanne bai fi rabin minti ba.